Shekara guda ina karanta wa wani tsoho Bayahude Attaura duk Alhamis

A Satumban 2021 na sauka Manchester karatun mastas, kuma duk wanda ya bi wannan hanyar ya san kuɗin haya kaɗai ya isa ya sa ka neman aiki tun kafin ka gane hanyar aji. Bizar ɗalibi awa 20 ta yarje maka a sati, ni kuma abin da na samu shi ne aikin kula da tsofaffi a gidajensu, irin wanda 'yan Najeriya da yawa ke yi a can. Aka tura ni Prestwich, unguwa ce a arewacin gari da Yahudawa suke da yawa sosai, gidan wani dattijo da ya haura tamanin, matarsa ta rasu, idonsa ya yi rauni har sai dai ya ga inuwar mutum. Baba nake ce masa tun ranar farko, ya tambaye ni ma'anarsa na faɗa masa, ya ce ai su ma Abba suke cewa, shi kenan sunan ya zauna.

Abin da aka fara koya min a gidan ba magani ba ne, kicin ne. Kwanukan nama daban, na madara daban, cokula daban, har soson wanke-wanke kala biyu ne. A satin farko na ɗauki cokalin ɓangaren nama na juya masa shayi mai madara, 'yarsa ta gani, ba ta yi faɗa ba amma ta ɗauke cokalin ta ajiye gefe, ni dai na ji nauyi sosai dan ban san dalili ba kuma ban tambaya ba.

Wata Alhamis a farkon Oktoba bayan na gama ba shi abincin dare sai ya ce in miƙo masa wani littafi mai kauri a kan kanta, ya shafa bangonsa ya ce ɗana, za ka iya karanta min sedra ta wannan satin? Ban gane ba. Sai ya yi min bayani a hankali, littattafan Attaura biyar ne, an yanka su kashi 54, kowane sati da nasa kashin, ranar Asabar a karanta shi gaba ɗaya a majami'arsu da suke kira shul, a haka har shekara ta zagayo a sauke a sake ɗaukowa daga farko. Wasu na cewa farasha, su Yahudawan Ingila sun fi cewa sedra. Kuma kowane kashi sunansa daga kalmar farko-farko ta cikinsa ake ɗaukowa, nan take na tuna yadda muke cewa izun Sabbi ko Amma ko Tabara a makarantar allo. Ya ce tun yana yaro bai taɓa shiga Asabar bai bi kashin satin a gida ba, dan malamansu na da sun ce mutum ya karanta nassin sau biyu fassara sau ɗaya kafin ranar, yanzun kuma ido ya tafi, Ibranancin yana saurara a rikoda kuma rabinsa ma yana kansa, amma fassarar Turanci da sharhin da ke ƙasan shafi babu mai karanta masa.

Ban amsa a ranar nan take ba gaskiya. Ni Musulmi ne, na san abin da addinina ya ce game da littattafan da suka gabata, kuma na san wasu da zarar sun ji kalmar Bayahude maganar Falasɗinu ce za ta zo musu, ni ma tana zuwar min kuma zuciyata tana inda take a kan wannan. Amma wanda ke gabana tsoho ne makaho da aka ba ni amanarsa. Na fita baranda na kira wani malamina a Kano, ya tuna min hadisin nan da ya ce kada ku gaskata ma'abota littafi kuma kada ku ƙaryata su, ya ce karanta wa mara lafiya abin da ya roƙa ba shi ne ka karɓi aƙidarsa ba, ka riƙe naka ka san inda ka tsaya. Na dawo na ja kujera.

Kashin satin Noah ne, wato labarin Annabi Nuhu (AS), kuma a ranar farkon nan na haɗu da abu mafi nauyi a duk shekarar. Jirgi, ruwa, kurciya da ganyen zaitun, duk na wuce lafiya, sai can wajen ƙarshe na iso inda aka danganta masa shan giya, abin da mu a wajenmu ba a jingina wa annabi. Bakina ya tsaya. Na ce Baba wannan wurin ba zan iya furta shi ba. Ya yi shiru kaɗan sannan ya ce to tsallake, na san shi da ka, ya karanta ayoyin a ransa leɓensa na motsi, da ya gama ya ɗaga min hannu na ci gaba. Haka muka yi duk shekarar, inda ba zan iya ba in tsaya shi ya wuce da kansa, bai taɓa jayayya da ni a kai ba ko sau ɗaya, ni ma ban taɓa yi masa wa'azi ba.

Tsarin namu ya zama kamar haka, Alhamis bayan cin abinci, wajen minti arba'in, in karanta aya ko biyu sannan in sauka ƙasan shafi in karanta abin da Rashi ya ce. Rashi wani malaminsu ne da ya rayu a garin Troyes na Faransa daga 1040 zuwa 1105, sharhinsa gajere ne kamar Jalalaini a wajenmu, kuma kusan duk yaron da ya yi karatun addini a cikinsu da shi ya fara. Alhamis muke yi saboda daga faɗuwar rana ta Juma'a Asabar ta shiga, ba kunna wuta ba waya ba rikoda har sai taurari sun fito daren Asabar, kuma a hunturun Manchester kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. In mun gama kuma yana da tambaya ɗaya da ba ya fashin ta, to me za mu yi da wannan kafin wata Alhamis? Da farko na ɗauka salon rufe zama ne kawai. Ashe da gaske yake, sati na zagayowa sai ya tambaya, kuma shi ma yana faɗin nasa.

Na ga haka a satin Vayera, inda Annabi Ibrahim (AS) yake zaune a ƙofar tanti da tsakar rana ya hango baƙi uku ya ruga ya tare su. Rashi ya ce kwana uku kenan da yi masa kaciya yana cikin ciwo, amma ya fito yana duba hanya ko matafiyi zai wuce. Baba ya ce tun rasuwar matarsa bai sake gayyatar kowa cin abincin daren Juma'a ba, yana fakewa da ido. Ya sa na kira masa wani maƙwabcinsa da shi ma yake zaune shi kaɗai, a gabana ya gayyace shi.

A ƙarshen Janairun 2022 muka iso Mishpatim, kashin da yake cike da dokoki kamar kana karanta babin mu'amala a littafin fiƙihu, bashi, jingina, ajiya, diyyar wanda sa ya soka. A cikinsa na ci karo da ayar da ta ce kada a dafa ɗan akuya a cikin nonon uwarsa, Baba ya yi murmushi ya ce ga cokalinka nan, daga wannan ayar malamansu suka fitar da raba nama da madara gaba ɗaya. A nan kuma aka ce in ka karɓi rigar talaka jingina ka mayar masa kafin rana ta faɗi dan da ita zai lulluɓa, in kuma ka ga jakin maƙiyinka ya durƙushe da kaya kar ka wuce, ka taya shi saukewa. Baba ya ƙara da cewa a Talmud, babban littafin bayanan malamansu na da, sun ce in abokinka na buƙatar a sauke masa kaya, maƙiyinka kuma na buƙatar a ɗora masa, to ka fara da maƙiyin, dan ka karya zuciyarka. Lokacin akwai wani abokin aiki da muka yi sa-in-sa kan canjin shif har muka daina gaisawa, a satin nan yaronsa ya kwanta asibiti yana neman wanda zai riƙe masa daren Lahadi a guruf kowa ya yi shiru. Na karɓa. Ba mu zama abokai ba, amma gaisuwa ta dawo.

Shekarar tasu ta 5782 mai wata 13 ce, suna ƙara wata guda sau bakwai a cikin kowace shekara 19 dan bukukuwansu su tsaya a lokacinsu na shekara, ba kamar namu da azumi ke zagaya damina da rani ba. A shekara mai wata 12 Asabar ba ta isa kashi 54, sai a riƙa haɗa biyu a sati ɗaya, amma a tamu kusan kowanne shi kaɗai muka karanta, shi ya sa littafi na uku, na firistoci wato masu miƙa hadaya a wurin ibadarsu, ya ja mu sosai. Hadayu, kitse, jini, tsarki, ba zan ɓoye ba akwai satuttukan da nake karantawa hankalina na kan asaimen.

Sai azumi ya kama a farkon Afrilu, muna kan Tazria da Metzora, kashi biyu da suke magana kan wata cutar fata mai kama da kuturta, yadda firist zai duba tabon, yadda za a fitar da mai ita bayan zango ya zauna shi kaɗai. Na ce a raina wannan kam me mutum zai ɗauka a ciki. Ashe a wajensu nan ne babin harshe. Malamansu sun ce cutar sakamakon lashon hara ce, mugun harshe, Rashi ya ce tunda ya raba miji da mata ya raba aboki da aboki da bakinsa to shi ma a raba shi da mutane, kuma tsuntsaye biyu da ake kawowa ranar tsarkake shi saboda tsuntsu ba ya rufe baki ne. Baba ya ce abin da mutane ba sa ganewa, lashon hara ba ƙarya ba ce, gaskiya ce da ka faɗa dan ka rage wa mutum daraja, in ƙarya ce sunanta daban. Tsigar jikina ta tashi dan wannan shi ne ainihin yadda Manzon Allah (SAW) ya bayyana giba, in abin yana tare da shi ka yi gibarsa in ba ya tare da shi ka yi masa ƙage. Ya ce kuma tana kashe mutum uku, mai faɗa da mai ji da wanda ake faɗa a kansa. Ni kuwa ina da wani guruf na WhatsApp na tsofaffin 'yan ajinmu da bayan an sha ruwa babu abin da ake yi sai tattauna auren wane da sakin wance, ban cika rubutu ba amma ina karantawa ina tura alamar dariya, ga azumi a bakina. Magana zarar bunu ce, wanda ya riƙe maka bunun kana zara shi ma yana ciki. A daren na fita daga guruf ɗin.

Wanda ya fi taɓa ni dai Kedoshim ne, kuma ya faɗo daidai satin ƙaramar Sallah, an yi idi Litinin 2 ga Mayu muka zauna Alhamis. Sura ta 19 ce a littafin na uku, ayoyi gajeru suna bin juna, in za ka girbe gonarka ka bar gefe saboda talaka da baƙo, kar ka yi algus a mudu da sikeli, ka tashi wa mai furfura, ka so maƙwabcinka kamar kanka. Sai aya ta 13, kada ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka har safiya.

Kafin in taso daga gida na sa a gyara wa mahaifiyata ɗakinta da damina ta ci, birkilan ya gama aiki tun Disamba, saura cikon kuɗinsa a wajena. Ba wai babu ba ne, akwai, amma kullum sai in ce bari canji ya ƙara tashi, bari in biya kuɗin makaranta kashi na biyu, ai ya san ni ba zan cinye masa ba. Ya turo saƙo sau biyu cikin ladabi, na biyun ana saura kwana huɗu Sallah, ya ce ranka ya daɗe yara ne ba a yi musu ɗinki ba. Na ce masa insha Allahu bayan Sallah. Ga ni kuma na yi Sallata da sabuwar shadda da aka aiko min.

Na karanta ayar muryata ta canza, Baba ya ji, makaho kunnensa ba ya kuskure. Ya ce akwai wani abu ne ɗana? Na faɗa masa duka. Bai yi min faɗa ba, cewa ya yi akwai 'yar uwar ayar a littafi na biyar da za mu iso a watan Satumba, wadda ta ce ka ba shi a ranarsa kar rana ta faɗi a kai dan matalauci ne kuma ransa na rataye a kan kuɗin, malamansu suka ce me ya hau da shi saman tsani, me ya rataye shi a kan bishiya yana kasada da ransa in ba wannan ladan ba. Na tuno mutumin a kan katakon gini babu ko igiya. Na tuno hadisin da na haddace tun ina Islamiyya, a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, na san shi, na sha faɗa wa wasu ma, amma wata biyar gumin wani na hannuna. Baba ya ce rufe littafin, wayarka na kusa? Ai yau Alhamis ce ba Asabar ba. A kujerar nan na yi tiransifa na ƙara masa wani abu a kai, na kira shi na ba shi haƙuri, shi kuma sai godiya yake ta yi kamar kyauta na ba shi, wannan godiyar ta fi komai yi min ciwo, dan Sallar ta riga ta wuce kuma yaran sun riga sun yi ta babu ɗinki.

Muka buɗe muka ci gaba, aya ta gaba ta ce kada ka zagi kurma kada ka sa wa makaho abin tuntuɓe. Ni da nake aikin kawar da kujeru daga hanyar makaho kullum na ɗauka na gane ta, sai Rashi ya ce makaho a nan har da wanda bai san kan wani al'amari ba ya zo neman shawararka, kar ka ce masa sayar da gonarka ka sayi jaki alhali kai ne kake son gonar. Kuma ya ce shi ya sa aka rufe ayar da ka ji tsoron Ubangijinka, dan babu wanda zai iya kama ka, kai kaɗai ka san niyyarka. Duk dillalin fili da duk mai haɗa wa mutane bizar karatu ya kamata ya ji wannan.

Wani abin da ya ba ni mamaki a lokacin, jikansa da ke karatu a Isra'ila in ya kira sai ka ji yana maganar kashin da mu sai sati mai zuwa za mu kai. Dalili, idinsu na Pesah kwana bakwai ne a can, a waje kwana takwas, kuma a 2022 rana ta takwas ta faɗo Asabar, su can suka ci gaba da karatu na waje suka tsaya, ba a sake haɗuwa ba sai ƙarshen Yuli.

Sau uku na tura shi a keken guragu zuwa shul ranar Asabar, na farko lokacin zagayowar ranar rasuwar mahaifinsa. Na zauna can baya kusa da ƙofa. Ba a fara karatun sai maza goma sun cika, sannan a buɗe wata ma'ajiya a bangon da ke fuskantar Ƙudus a fito da naɗaɗɗen littafin, fata ce aka rubuta da hannu da alƙalamin gashin tsuntsu, harafi 304,805, in ɗaya ya goge ba a karatu da shi sai an gyara. Babu wasali a ciki babu alamar rera, mai karatun sai ya haddace su tun a gida, yana bin layi da wani ɗan sandan azurfa mai siffar hannu dan kar yatsa ya taɓa rubutun. In ya kuskure harafi sai ka ji jama'a sun ɗago masa daga ko'ina, sak yadda ake yi wa liman gyara a tarawihi. Mutum bakwai ake kira ɗaya bayan ɗaya, na farko daga zuriyar Annabi Haruna (AS), na biyu daga ƙabilar Lawiyawa, sannan sauran, a ƙarshe a karanta wani yanki daga littattafan annabawa. Da aka kira sunan Baba da na mahaifinsa mutum biyu suka kama shi ya miƙe, ya riƙe sandan littafin ya yi addu'ar da ka, muryarsa na rawa, da ya dawo kowa na miƙo masa hannu. Suna kuma karanta farkon kashin satin ranar Litinin da Alhamis da safe, ya ce dan kar a yi kwana uku ba a ji Attaura ba.

Ranar da Sarauniya Elizabeth ta rasu, 8 ga Satumba, Alhamis ce, rediyo na ta sanarwa muka kashe muka buɗe Ki Tetze, a nan muka iso ayar ladan da ya faɗa min tun Mayu, da wadda ta ce in ka gina sabon gida ka yi wa rufinsa katanga kar wani ya faɗo jininsa ya hau kanka. Ya tambaye ni birkilan, na ce yanzu shi ke yi wa ƙanwata aiki kuma duk yamma ake sallamarsa.

Saukar ta zo ranar Talata 18 ga Oktoba, bikin da suke kira Simhat Tora. Aka fito da duk naɗaɗɗun littattafan ana zagaye da su sau bakwai ana waƙa ana rawa, yara a kafaɗun iyayensu, wasu samari suka karɓi keken Baba daga hannuna suka shiga da shi tsakiya. Sannan aka karanta ƙarshen littafi na biyar, Annabi Musa (AS) ya hau dutsen Nebo ya hango ƙasar da ba zai shiga ba, ya rasu yana da shekara 120 kuma babu wanda ya san kabarinsa. Ana gamawa ba a ko zauna ba aka buɗe wani littafin daga farkon halitta, irin yadda a wajen sauka ɗalibi ke kai Nasi a mayar da shi Fatiha da farkon Baƙara.

Ni ban taɓa karanta kashin farkon ba tunda daga Nuhu na shigo, sai Alhamis ɗin satin nan. Muka iso inda Annabi Adamu (AS) ya ɓuya a cikin itatuwa aka kira shi, kana ina? Rashi ya ce ai an san inda yake, an buɗe masa magana ne a hankali dan kar ya firgita ya kasa amsawa. Baba ya ɗaga hannu ya ce tsaya, maimaita min wannan, shekara saba'in da wani abu ina wuce ta. Na maimaita. Ya ce 'yarsa ta yi wata magana da ta ɓata masa rai tun satin da ya wuce kuma ya shirya yadda zai tare ta da ita gobe, yanzu sai ya sake shiri. Ƙarfe tara ta yi, na sa tsinken alama a shafin, na kawo masa maganin dare da ruwa, na duba cokalin da ke hannuna na ɓangaren madara ne kafin in juya shayin.